Guntun da Surukina Ya Yanke

Assalamu alaikum, Hajiya mai wannan fili. Ina roƙon shawararki, kodayake rabin damuwar ta riga ta sauka.

Ranar Asabar bayan la'asar surukina ya zo gidana, mako uku da yi masa aikin ido. Shekara ashirin da biyu ya yi yana haska fim a gidan sinima kafin a mayar da wurin sito. Ya ce in nemo masa wani tsohon fim na leƙen asiri, marar kala, wanda ya ɗora a na'ura fiye da sau ɗari. Muka kalla a falo, ni da shi da matata da 'yarmu ta fari.

An yi fim ɗin da gwaninta, har shayi ya huce a hannuna ban sani ba. Amma tarihi nake koyarwa, idona ya saba da lura. Duk mugayen cikinsa 'yan ƙasar da masu fim ɗin ke gaba da ita ne a lokacin, an ba su kaushin murya da tabo a fuska. Masu kama da mu, baƙaƙen fata, su bakwai ne, duk 'yan dako a tashar jirgin ruwa, ba wanda aka bai wa baki. A minti na arba'in jarumin ya mari ɗayansu don ya tare masa hanya, ko kiɗa bai canja ba.

Da aka gama, 'yata ta tambayi dalilin marin. Na yi bayanin da ya zarce ƙima, har na ce farfaganda ce aka yi wa ado. Sai da na rufe baki na ga surukina ya sa hularsa. Ya tafi bai jira abinci ba.

Kwana huɗu na kasa tambayar matata abin da ya tashe shi. Ranar Laraba ta dawo daga gidansu da wani tsohon gwangwani. Guntun zaren fim ne a ciki, kamu biyu. Na ɗaga shi ta taga: marin ne. Ta ce ashe tun makon farko da aka fara haska fim ɗin, da ya ga 'yan dakon kasuwa masu zama a kujerun gaba sun yi tsit a wurin, ya sa almakashi ya cire shi daga kwafin gidan sinima, ya liƙe. Ba maganata ta tashe shi ba. Abin da ya ɓoye wa gari shekara arba'in ne ya fito a gaban jikarsa.

Yanzu ya aiko cewa in za a nuna wa sauran jikoki, a tsallake wurin. Ni kuwa ina ganin wanda bai ga abu ba, ba zai gane shi ba ranar da aka yi masa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa musa masa ba. Ya zan yi?

Naki, Malamin Tarihi.

Gyara: na ce ba wanda aka bai wa baki. Na sake kallo. Wanda aka mara ya yi magana sau ɗaya. Haƙuri ya bayar.

*

Wa'alaikumus salam, Malam. Barka da saukar nauyi.

Karatun da ka yi wa fim ɗin daidai ne, gyaran da ka ƙara ma ya fi marin ciwo. Sai dai surukinka ya riga ka ganowa da shekara arba'in, da almakashi ya rubuta nasa sharhin. Ba saɓani gare ku ba: shi yana kare zuciyar yara, kai kana son buɗe musu ido, dukansu kuma ana bukata.

Laifinka ɗaya, ka mayar da falo aji alhali baƙon dattijo na zaune. Wannan ka je da ƙafarka ka ba shi haƙuri, kada ka ɗora wa matarka aike. Ka tafi da gwangwanin.

Ƙananan jikoki a tsallake musu kamar yadda ya ce, ba abin da za su rasa. Manyan kuwa, kada ka ce masa za ka nuna musu. Roƙonsa za ka yi: in an kai minti na arba'in a tsayar, shi ya buɗe gwangwanin ya ba su labarin kujerun gaba. Kai kuma ka kama bakinka ka sha shayinka da zafinsa. Wanda ya adana guntun nan shekara arba'in, ya kuma aiko maka da shi, ba so yake a manta ba.

Allah ya ƙara masa hasken ido, ya bar ku tare.