Motar da Za Ta Ja Ruwan Baba

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yaya Majid ya sake yin irin tasa. Ya sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ya ajiye shi a filin abokinsa a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, sannan wurin aiki suka mayar da shi Dammam. Ga ɗaki, babu abin jansa. 'Yar motata ko akuya ba za ta ja ba.

Ban ga laifinsa duka ba, Babanmu ya saya wa. Shekara uku ke nan tsohon yana roƙon a kai shi bakin tekun kudu, wajen garin Lis, inda jirgin ruwa ya sauke su yana ɗan shekara tara. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki zafi ba, kuma ba zai yi awa biyu a zaune bai miƙe bayansa ba. Ko dai cikin sanyin nan kafin azumi, ko kuma... ba na son rubuta sauran.

Tun rasuwar baban Afnan ni ce direban gida, don haka neman babbar mota ta hannu ya faɗo kaina. Da Hausa nake rubuta wannan don kada Afnan ta karanta ta gane uwarta tsoro take ji.

Litinin, 6 ga Janairu

Na sa Baba ya dafa bango ya ɗaga ƙafarsa iya ƙarfinsa, na gwada da zare na ƙulle wurin. Taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Duk motar da matakinta ya wuce ƙullin nan ba tamu ba ce.

Ya ce, “Rabi, likkafani kike auna min ta ƙasa?” Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Haraj. Ban taɓa shiga kasuwar motocin hannu ba sai yau, kuma wallahi na raina kaina. Manya-manyan motoci jere iya ganin ido, kowace ta fi ɗakin girkinmu na unguwar Zahir faɗi. Na tsaya kusa da wata, madubin gefenta daidai goshina. Wai ni ce zan tuƙa irin wannan, da ɗaki a bayana.

Na tafi da Malam Issoufou, bakaniken da ke duba motata, mutumin Damagaram, shekararsa ashirin a Makka. Dillalai suka yi ta yi masa bayani suna tsallake ni, shi kuma yana nuna ni da haɓa: “Hajiya ce mai saye, ni kunne ne kawai.” Kunnen kuwa abin mamaki. Yana ɗora tsinin sukudireba a kan inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Wata ya ce an taɓa buɗe injinta, mai ita ya rantse ya maya, daga baya ya amsa.

Na ga wata fara. Subhanallahi. Kujerun fata, allo a gaba kamar talabijin, ƙamshin sabuwa bai gama fita ba. Na hango kaina ina tsayar da ita a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Matakinta ya wuce ƙullin zarena da yatsa uku, na ce ai 'yar kujerar katako za ta gyara wannan.

Can gefe akwai wata launin ƙasa, silinda takwas, fentin samanta rana ta cinye, cikinta warin gahawa da hayaƙin itace. Mai ita wani dattijon Balarabe ne, Rakan. Issoufou ya daɗe a ƙarƙashinta har na ƙosa. Farashinsu kusan ɗaya ne, abin haushi.

Juma'a, 10 ga Janairu

Afnan ta ga hoton farar ta yi tsalle. Ta ga ta biyun ta ce, “Ya ummi, wannan ta masu raƙuma ce.”

Asabar, 11 ga Janairu

Issoufou ya ce ba zai ce uffan a kan mota ba sai ya ga abin da za ta ja. Muka je Ka'akiyya. A jikin karafan an rubuta kilo dubu ɗaya da ɗari tara. Na ce shi ke nan, fara za ta iya, an ce tana jan tan biyu.

Ya buɗe ƙofa ya tsaya.

Jarkoki. Ƙarƙashin gado, cikin banɗaki, kan hanya, ko'ina. Na ƙirga talatin, kowace lita ashirin, cike da zamzam. Ashe tun da aka kawo ɗakin Baba ke bin maƙwabta, duk mai zuwa ɗibar zamzam ya cika masa ɗaya ya kai can. Ban da turmi da taɓarya da Gwaggo ta cusa, wai ba a daka yaji a inji, da tukwane kamar za mu ciyar da alhazai a Arfa.

Issoufou ya ja shi da motar garejinsu zuwa sikelin manyan motoci. Dubu biyu da ɗari bakwai. Ya ce, “Hajiya, wancan rubutu na ɗaki ne lokacin da ba Bahaushe ya shiga ba.”

Sannan ya daina wasa. Ya ce ƙugiyar bayan farar daga baya aka yi mata walda, kuma ba ta da abin da zai taka birkin karafan. Hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Nauyin da kike ja shi zai koma yana tura ki.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na yi wa Baba magana, kuma ban yi ta da ladabi ba. Na ce ruwa yana nan a kowane gidan mai. Na ce jarka biyu sun ishe mu tabarruki. Na ce saboda ruwa zan sayi tsohuwar mota mai warin hayaƙi da zan yi shekaru ina shiga? Na ce labarin tafiyar ƙafar nan mun ji shi sau dubu.

Ya ce, “Tayyib, shi ke nan.” Ya juya fuskarsa bango.

Na kira Yaya Majid don ya goya min baya, ya ce ni nake kusa, ni zan yanke. Sannu da ƙoƙari, Yaya.

Litinin, 13 ga Janairu

Bai ci tuwon da na yi masa ba. Ni ma ban ci ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Bayan la'asar ina shafa masa mai a ƙafa ya fara magana, idonsa a kan silin.

Sau dubu na ji labarin, haka ne. Fita daga ƙauyensu a ƙasar Kano yana goye, noman ƙodago a Chadi, cirar auduga a Sudan, shekara bakwai a hanya, jirgin katako. Kullum daga jirgin sai ya tsallaka zuwa ranar da ya ga Ka'aba. Ban taɓa lura akwai rami a tsakani ba.

Kwana biyu da saukarsu Innarsa ta kasa tashi. Rijiyar wurin ruwan zartsi ne, tana sha tana amai. Ta riƙa tambayarsa, “Saura kwana nawa mu sha zamzam?” Shi kuma yana ce mata gobe, don bai san amsar ba. A nan aka binne ta, gindin wasu duwatsu baƙaƙe guda uku. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana bin ayari a ƙafa kafin ya iso Makka. Da aka miƙa masa zamzam a ƙwarya, ya ce kasa haɗiyewa ya yi.

“Shekara saba'in da biyar ina shan ruwan da ta yi shekara bakwai tana tafiya wurinsa. Ba zan je mata da jarka biyu ba, Rabi. Duk wanda ya wuce ta wurin zai sha, ladan nata.”

Na ci gaba da murza ƙafar. Wannan ƙafar. Ita nake aunawa da zare ina jin tausayinta, ban san abin da ta taka ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Asabar, 18 ga Janairu

Baba ya ce a gwada motar da kayan a bayanta, haka mahaifinsa ya yi da ya sayi jaki a hanya, sai da ya ɗora masa kaya ya hau tudu da shi ya sauko. Mai farar ya ce a'a, ba a yin haka. Rakan ya bushe da dariya ya miƙo makulli, ya ce shekara takwas tana jan tankin ruwan raƙumansa.

Na fito da zarena a gaban kowa. Matakinta yana ƙasa da ƙullin da yatsa ɗaya. Baba ya hau da kansa, ba kujera, ba tallafi.

Issoufou ya ɗaura karafan, ya haɗa wayar birki, ya ce in zauna a sitiyari. Na taka mai a hankali, na ji wani gurnani daga ƙasa ya ratsa kujera har ƙirjina, sai kawai duk abin ya motsa. Ɗaki guda, da gado da banɗaki da turmin Gwaggo da ruwan Baba, yana bina saboda na motsa babban yatsan ƙafata. Na yi ta tasbihi a fili.

Muka hau wani tudu a bayan gari, duwatsun Makka tsirara dama da hagu. Allurar zafin inji ko gezau. A gangara na ji turin da Issoufou ya faɗa, kamar wani ƙato ya dafa bayana. Ya ce, “Sauke giya, kada ki danne birki, taɓa ki saki.” Na taɓa, na ji ɗakin ya ja da baya da kansa ya bar ni.

A ƙasa Baba ya buga gaban motar sau biyu da tafin hannu. “Wannan ta san kaya.”

Talata, 21 ga Janairu

An gama fahas, wato duba lafiyar mota na hukuma, an canza takardu zuwa sunana. Issoufou ya sa sababbin tayoyi da man giya. Afnan ta zazzage rabin kwalbar turare a ciki, yanzu warin hayaƙi da turare ne.

Na bi ta haraj, an sayar da farar. Na ɗan ji wani abu, ba zan yi ƙarya ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Koyon ja da baya da karafan. Ka juya dama ya tafi hagu. Na take bokitin Issoufou biyu.

Juma'a, 31 ga Janairu

A bakin teku nake rubutu, da hantsi.

Jiya bayan asuba muka taso, ni da Baba da Gwaggo da Afnan. Na mayar da ma'aunin tafiya sifiri a ƙofar gida. Sau biyu muka tsaya Baba ya kwanta a karafan. Tun da muka bar gari nake kallon gefen titi, fili fetal, ƙasa fara da gishiri, ba inuwar da za ta rufe ko kaza. Kowane kilomita da ya faɗi a allon sai in ga yaro ɗan shekara tara yana taka shi ba takalmi, ba uwa. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Mu awa huɗu, da sanyin mota da dabino a cinya. Allah mai iko.

Baba ya sa na kashe sanyin na sauke gilashi. Ya ce da hanci zai gane wurin.

Duwatsu baƙaƙe sun fi ashirin a yankin. Muka sauka daga kwalta muka bi hanyar ƙasa, yashi ya kama tayoyin ɗakin, na sa giyar ƙarfi, motar ta yi gurnaninta ta fizge shi. Muka zagaya har azahar. Na ga fuskarsa tana canzawa. Ya nuna wasu uku, ya ce a'a. Wasu kuma, a'a. Daga ƙarshe ya ce in tsaya kusa da wata mararraba inda masunta da makiyaya ke wucewa.

Na ce, “Nan ne, Baba?”

Ya ce, “Ban sani ba, Rabi. Amma hanya ce, kuma akwai masu ƙishi.”

Muka shimfiɗa masa darduma a inuwar karafan, muka jera jarkoki. Motar farko ta tsaya, wasu masunta ne, suka tambayi ko lalacewa muka yi. Baba ya miƙa musu kofi da hannunsa. Da suka ji zamzam ne, babbansu ya tambayi sadakar wa ce, don su yi addu'a. Baba ya buɗe baki ya kasa, bai taɓa kiran sunan Innarsa ba. Ya jawo Afnan ya raɗa mata.

Afnan ta miƙe ta ce, “Maimuna.” Sannan ta juyo gare shi da Hausarta mai karyayyen baya: “Kaka, ta zo. Ruwa ta zo mata.” Ba wanda ya gyara mata.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Labari ya bazu, har daga ƙauyen gaba aka zo da galan. Jarka ta ƙarshe ta ƙare kafin la'asar. Baba ya rage kofi ɗaya, ya fuskanci alƙibla ya shanye a hankali har ƙasa. Sannan ya nemi tuwo, Gwaggo ta samu dalilin turminta.

A hanyar dawowa motar ta yi sakayau har na riƙa duba madubi ko ɗakin ya kwance.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Baba yana barci da rana sosai yanzu, amma yana ci. Ya daina maganar teku.

Zaren yana rataye a madubin gaba, na manta ban cire ba. Wata malama a makaranta ta tambaye ni yaushe zan yi wa motar fenti, na ji haushi, ban san dalili ba.

Ɗazu na wanke jarkokin don in mayar wa maƙwabta. A hanya na bi ta wurin ɗibar zamzam na cika biyu, na kai Ka'akiyya na tura su ƙarƙashin gadon. Issoufou ya ce bai kamata a bar mota irin wannan ta daɗe ba ta ja nauyi ba, shi ya sa.

Saura ashirin da takwas.