Man da Yayana Ke Yabo Ba Shi Ne a Cikin Injin Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana na ajin manya. Malam ya ce duk mai damuwa ya rubuta ba suna, shi zai karanta wa jama'a bayan darasi, to ga tawa. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma ya gane ni ya rufa min asiri.

Ni mai sayar da soyayyen kifi ne a Jarwal, unguwarmu ta nan Makka. Sau biyu a mako nake sauka Jidda in ɗauko kifi. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Yaya kawai. Shi ya goyo ni a hanyar Sudan lokacin da iyayenmu suka taso daga Kano, shi ya yi min aure, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya daɗe yana tuƙa babbar mota tsakanin Makka da Jidda har ido ya fara ba shi matsala ya ajiye, yanzu a garejin abokansa yake wuni. Babban ɗansa masunci ne a Jidda, kuma shi ke auren 'yata, suna da yara biyu.

Bara ni da Yaya muka haɗa hannu muka sayi ƙaramin inji, irin wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale, don surukin nawa ya huta da tuƙin filafili. Wanda ya sayar mana ya ce wannan injin ba shi da wurin zuba mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa, kuma akwai nasa man na gwangwani. Tun a shagon Yaya ya fara faɗa. Ya ce shi da ya tsufa a kan sitiyari ba wani ɗan kasuwa da zai koya masa mai, wai mai duk mai ne, gwangwanin kawai ake sayarwa wa wawaye. Da muka dawo Makka sai ya je gareji ya ɗebo baƙin man da ake juyewa daga motocin alhazai, ya tace shi da tsohon rawani, ya ɗura a kwalabe. Ya ce man da ya hau da mota cike da mutane har Arfa ba zai kasa tura kwalekwale ba.

Ni ke sauka Jidda, don haka ni ke kai kwalaben, ni ke gaurayawa a tanaka, wato jarkar fetur, in miƙa wa surukina. Wata biyu muka yi a haka. Injin ya riƙa hayaƙi kamar ana ƙona shara, kullum sai an kwance filogi an kankare. Rannan ya mutu wa surukina da yaron aikinsa can bayan duwatsun cikin ruwa, iska tana jan su waje. Tun hantsi suke tuƙi da filafili ɗaya da murfin akwatin kifi, sai bayan la'asar suka taɓa ƙasa. Ina bakin ruwa lokacin. Na ga tafin hannun surukina ya saɓule, na ga 'yata zaune a kan yashi ta kasa ko kuka.

Na ɗauki injin na kai wa wani tsohon makanike Balarabe, Bahadarme. Ya buɗe, ya ɗiga man Yaya a yatsana ya ce in murza. Na ji tsaki-tsaki kamar garin ƙarfe. Ya ce ya hajji, wannan man ya gama aikinsa a mota, dattin motar ne ya rage a ciki, in kuka ci gaba wata rana injin zai buga gaba ɗaya, kuma a teku ba gefen titi. Ya rubuta min sunan man da ya dace da awon gaurayawa a takarda. Wallahi ita ce takarda ta farko da na karanta da kaina ba a aji ba.

Na kawo wa Yaya takardar da ladabi, na durƙusa. Bai karɓa ba. A gaban mutanen gareji ya ce ku zo ku ga Malam Alif-Ba, furfura a gemu allo a hammata, ya koyi baƙi uku zai karantar da mai mota. Ya ce ɗansa ne rago bai iya jan igiyar inji ba, Bahadarmen kuma abokin mai shago ne, sun ga Takaruri, wato mu baƙar fata, sun ga abin yanka. Na ce Yaya ran mutum ake magana. Ya ce ɗan nasa ne ko nawa? Na ce mijin 'yata ne. Sai ya miƙe ya ce halas, magana ta ƙare, ya rantse duk ranar da na sake kawo masa zancen man gwangwani, ba shi ba ni, kuma kada in zo jana'izarsa. Mutane suna dariya, na sunkuyar da kai na tafi.

Ga abin da na aikata, wanda ban faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar, in Yaya ya ba ni kwalabensa sai in karɓa da hannu biyu in ce na gode. In na isa Jidda sai in ba wani mai amalanke yana shafa wa ƙafafun amalankensa, ni kuma in sayi na gwangwani in gauraya a bayan shago, in yar da gwangwanin. Surukina tanaka kawai yake gani. Wata bakwai ke nan injin bai ko yi tari ba.

To wannan lafiyar ita ta zame min bala'i. Yaya ya ɗauka mansa ne. Ba majalisar da bai ba da labari ba a Jarwal. In na zo wucewa sai ya ɗaga murya, Malam Alif-Ba, yaya injin, ya mutu ne? In ce lafiyarsa lau Yaya. Ya ce to ka gaya wa Bahadarmenka ya zo in koya masa aiki. Har sunan da yara ke kirana da shi a unguwa ke nan yanzu. Na haɗiye, don in dai yaron nan zai dawo gida lafiya, a kira ni komai ma.

Yanzu aikin hajji ya matso. Kowace shekara ina yi wa wani muɗawwifi, mai kula da alhazai, aikin kafa tantuna a Mina, kusan wata guda ba na leƙa Jidda, kuma da wannan aikin nake riƙe gidana. Shekaranjiya Yaya ya kira ni ya ce in tafi Mina hankali kwance, shi zai koma Jidda ya zauna wurin ɗansa, shi zai riƙa gaurayawa da hannunsa. Ya nuna min garwa biyu cike da baƙin mai a bayan ƙofa. Ya kuma ce tunda injin ya nuna ƙarfinsa, kifi kuma zai yi tsada saboda alhazai, ɗansa zai riƙa zuwa can kudu inda ba kowa ke kaiwa ba, tafiyar da ba a dawowa da filafili.

Na yi tunanin in gaya wa surukina a ɓoye. Amma mutum ne da ba ya iya ɓoye wa ubansa ko ciwon kai, kuma ko ya sani, uban ne zai tsaya a kan tanakar. Na yi tunanin in bar aikin Mina, to Yaya ya riga ya ce zai je, ina can ko ba na can. Na yi tunanin in kwance wani abu a injin in ɓoye har a gama hajji, sai na ga ƙarya ce a kan ƙarya, kuma abincin jikokina zan tsare.

Abin da ya rage shi ne in je in ce Yaya, wata bakwai ina zubar da manka. Na san shi. Ba zai ji zancen inji ba, abin da zai ji shi ne ƙaninsa ya bar shi yana cika baki a gaban mutane alhali ya san gaskiya. Kuma yana da gaskiya a nan, na bar shi. Ga rantsuwar da ya yi. Ina tsoron ma fushin ya sa ya ce sai ya gwada man nasa don ya ƙaryata ni, ko ya huce a kan 'yata da ke gidan ɗansa.

Jama'a, ranar Asabar zai hau mota da garwansa. In same shi shi kaɗai ne, ko in tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko hakan zai ƙara masa kunya? Cikinku akwai direbobi, akwai waɗanda suka yi aikin ruwa. In akwai wanda ya san yadda ake gaya wa babba ya yi kuskure har ya saurara, ya faɗa wa Malam kafin Juma'a. In ba a samu ba, ni dai zan je in faɗa masa, ko da daga ranar ba ni da wa.