Marar Lafiyar Auta

Asabar, 2 ga Agusta
An ba yara hutu, gida ya koma kasuwa. Auta ta buɗe asibitinta a ƙarƙashin teburin ɗinkina. Marar lafiyarta ɗaya ce tak, tsohuwar 'yartsanar nan mai ido ɗaya, wadda hannunta ke reto a kan zare. Murfin biro ne allura, ƙyallayena ne bandeji. Ta ce, "Mama, zo ki zama nas." Na ce sai na gama rigar mutane. Ni dai hannun nan mai reto yana ci mini rai. A ce tela guda, a gidanta...

Talata, 5 ga Agusta
Babansu ya kwashe su zuwa gidan zu, kallon namun daji. Ban je ba, aiki ya sha kaina. Kafin su fita Auta ta kwantar da 'yartsanar, ta lulluɓe ta, ta ce in kula da ita, kada in bari ta tashi.

Suna fita na ɗauko ta. Na farke cikin, na cusa sabuwar auduga, na mayar da hannun da ɗinkin da sai ka ƙura ido za ka gan shi. Na samo baƙin maɓalli na yi mata ido na biyu. Na wanke, na shanya, har riga na yi mata. Wallahi ta fito kamar yanzu aka sayo ta. Ina ta murmushi ni kaɗai, ina jiran a yaba mini.

Laraba, 6 ga Agusta
Auta ba ta yi kuka ba jiya. Da ma kukan ta yi. Ta juya ta gaba da baya, ta ce, "To yanzu me zan yi mata?" Na ce wasa mana, ai ta warke. Ta ce, "Ai ni ce likitarta." Ta ɗora ta kan kabad ta fice.

Babansu ya ce, "Ke da allurar nan taki, wata rana har bakina za ki ɗinke." Ban yi dariya ba.

Juma'a, 8 ga Agusta
An rufe asibiti. Ina taka keke, ba mai taɓa ƙafata ya ce in matsa.

Lahadi, 10 ga Agusta
Mun je filin wasan yara, har da ni wannan karon. Lilo, sulu, hayaniya. Auta hannun yayanta ta riƙe. Wata yarinya ta zauna kusa da mu da tata 'yartsanar, ta tambayi Auta ina tata. Ta ce, "Tawa an sallame ta." Yadda ta faɗa, sai ka ce rasuwa take sanarwa.

Na saya mata askirim. Ta karɓa da hannu biyu, "Na gode, Mama," kamar baƙuwa. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Na yi da-na-sani, har abin ya hana ni jin daɗin fitar.

Talata, 12 ga Agusta
Na ɗauki reza zan sake farke hannun. Yayanta ya kama ni. Ya ce, "Mama, za ta gane fa. Ciwon ƙarya ne." Na ajiye. Yaro da gaskiyarsa.

Hutu yana ta tafiya. Ba ta ƙara cewa in zo in zama nas ba, ni kuma na kasa roƙo.

Alhamis, 14 ga Agusta
'Yartsanar na kan kabad tana kallona da idanu biyu. Na juya ta ta kalli bango.

Asabar, 16 ga Agusta
Allura ta soke ni a babban yatsa da safe. Abin da ke faruwa kullum, in tsotse in ci gaba. Yau dai na ce "wayyo!" Wataƙila da ɗan ƙarfi. Ban sani ba.

Auta ta leƙo. Ta daɗe a bakin ƙofa. Can ta ce, "Mu gani." Ɗigon jini ne ɗan mitsitsi, amma ta girgiza kai ta ce ya yi tsanani. Ta sa na sunkuya na shiga ƙarƙashin tebur, bayana har yanzu yana gaya mini. Ta naɗe yatsan da ƙyalle, ta zarce har wuyan hannu, ta ƙulle. Ta ce, "Kada ki cire. Kada ki taɓa keke sai na ce."

Da rana matar mai kemis ta zo karɓar rigarta, saura kalmasa kawai. Ta ga hannun ta ce, "Subhanallahi, me ya same ki haka?" Na ce likita ce ta hana ni aiki, ta dawo Litinin. Ta tafi tana yi mini sannu.

Rubutun nan da ƙyar nake yinsa. Ƙullin a karkace yake, bakin ƙyallen duk ya zazzago, almakashi kuma ga shi nan kusa da gwiwar hannuna. Ta ce gobe da safe za ta zo duba ni.