Accar da Kika Aiko

Kakata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Ina fatan Kawu Bitrus da yara suna lafiya. Mu a Woolwich lafiya lau, sai kewarki.

Kaka, mun je ƙauyen nan na Scotland, garin Baturiyar da ta koya miki karatu. Na zata zan gan shi kamar a littattafan soyayya. Ashe 'yan gidaje ne tsakanin tudu da rafi, tumaki sun fi mutane yawa.

Ran Lahadi muka ci ado, Mama na rungume da accar da kika aiko wa ikilisiyarsu, sai muka tarar da majami'ar a kulle. Wani tsoho ya ce, "Matasa sun tafi birni. An haɗe mu da ikilisiyar bayan tudu, ginin ma sayarwa za a yi."

Mama ta fashe da kuka. Ni kuwa na karɓi accar na miƙa masa. Ya kai mu kabarin Baturiyar, ciyawa ta rufe sunan. Da hannuna na cire ta, na ce mata kina gaishe ta.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna Rifkatu.

Jikarki,
Saratu