Amshin da Na Rantse Nawa Ne

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Hajiya Kubura ta aiko in je. Shekara ashirin da biyu na yi ina wa mijinta amshi, marigayi Alhaji Mainasara mai kukuma, amma har yau in na shiga gidan sai na durƙusa. Ta jawo kukumarsa daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane. Bayan kaka za ta koma Katsina wajen ɗanta, kuma ba ta son gara ta cinye ta a ɗaki.

Ta ce, "Lawal, kai ka san muryar maigidanka. Cikin masu waƙa irin tasa, zaɓo wanda za mu ba."

Na ce babu ko ɗaya. Ta ce, "Har yaron nan na Mashi, Sada?" Na ce shi ne ma babban ɓarawon salon Maigida. Shekara biyu ke nan da ya zo mini da goro, wai neman albarka, na bar shi tsaye a ƙofar gida.

Laraba, 3 ga Yuli
Kaset-kaset ɗina duk sun lalace. Na kai wa Jude mai shagon waya memori ya cika mini da waƙoƙin Maigida. A Daura aka haifi Jude, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina.

Alhamis, 4 ga Yuli
Yau na yi kuka a gaban maza, kuma ban ji kunya ba. Muna majalisa gindin dalbejiya bayan la'asar, na kunna rediyo da memorin, sai ga wata waƙa ta masu haƙar rijiya. Maigida ne sak! Yadda yake sa kukuma ta fara magana kafin shi, yadda yake shiga baiti kamar mai sallama. Sai amshi ya shigo, na ji ni. Wannan jan da nake yi a ƙarshe, in sauke murya bayan kowa ya yi shiru, ba wanda ke yin sa sai ni.

Na gaya musu a Baure muka ɗauke ta, gidan wani dillalin shanu, ana yayyafi, an yanka mana rago. Mahdi mai gyaran keke, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "Ka tabbata, Malam Lawal?" Na ce wallahi tallahi, ga muryata nan. Na ƙara da cewa Sada ko ya shekara ɗari ba zai kama ƙafar wannan ba.

Asabar, 6 ga Yuli
Na kai wa Hajiya ta ji. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki."

Litinin, 8 ga Yuli
Ban san ta inda zan fara ba.

Na biya in yi wa Jude godiya. Ya bari sai da masu cajin waya suka tafi, sannan ya ce, "Baba Lawal, ka yi haƙuri, laifina ne." Ashe jakar waƙoƙi biyu gare shi a kwamfuta, ɗaya ta Maigida, ɗaya ta masu kama da shi, saboda mutane suna tambaya in sun ƙoshi da tsofaffin. Guda ɗaya ce ta faɗa mini daga ta biyun. Waƙar rijiya ta Sada ce. Bara aka ɗauke ta a Katsina.

Na ce ƙarya ne. Ya nuna mini bidiyon, ga Sada da hularsa a karkace. Na tsaya ina kallo kamar tunkiya. Jude ya ce ba zai gaya wa kowa ba. Wannan alherin nasa ya fi zagi ciwo.

Talata, 9 ga Yuli
Ban fita majalisa ba. Na ce mura.

Laraba, 10 ga Yuli
Kuskuren kunne kowa na yi. Amma Baure fa? Yayyafin fa? Ragon fa? Daga ina na samo su? Ban zauna na ƙirƙira ba, Allah Ya sani, gani na yi kamar jiya aka yi. Har ɗanɗanon hantar na ji. Mutum ya tsufa har kansa ya riƙa yi masa ƙarya, shi kuma ya ɗauka ya rantse a kai.

Na je gona na yi noma har azahar don in gaji. Geron ya yi kyau.

Juma'a, 12 ga Yuli
Bayan masallaci na tambayi liman, na ce wani abokina ne ya rantse a kan abin da ya zaci gaskiya ne. Ya ce babu kaffara, amma abokin nawa ya koma inda ya faɗa ya gyara. Ya kalle ni ya ce, "Ka gaishe shi."

Mahdi ya tare ni a hanya. Wai labarin ya kai Mashi, wani ɗan acaɓa ya kai. Ana cewa an gano tsohuwar waƙar Mainasara, Lawal ya shaida. Ke nan ban tsaya ga zagin yaron ba, har waƙarsa na ƙwace na ba mamaci.

Lahadi, 14 ga Yuli
Sada ya zo. Ina jin sallama na gane muryar. Wannan karon na shimfiɗa masa tabarma. Ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa. Tare yake da wani mutum mai furfura kaɗan a gemu, ya ce ɗan amshinsa ne, Musaddiq.

Na shirya ya ci mini mutunci, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Baba, an ce ka yi hawaye. Shi ya kawo ni. Ni wannan ya ishe ni, ko an ce tawa ce ko ba a ce ba."

Na ce to muryar da na ji a amshi fa? Musaddiq ya sunkuyar da kai. Ya ce tun yana saurayi, in an sa kaset ɗin Alhaji, kowa Alhaji yake saurare, shi kuwa mutumin da ke baya yake jira, mai jan ƙarshen nan. Shekara da shekaru yana koyo a gona. Bai taɓa sanin sunana ba sai da Sada ya gaya masa.

Shekara ashirin da biyu a bayan Maigida, ban taɓa zaton akwai mai jira na ba. Na ce su sha ruwa.

Litinin, 15 ga Yuli
Na faɗa a majalisa. Na ce waƙar ta Sada ce, ba na ciki, Baure ma ba a je ba. Mahdi ya ce, "To ragon fa, wa ya ci?" Suka yi ta dariya har mai shayi ya zubar da ruwa. Na zauna na sha, na cancanta.

Laraba, 17 ga Yuli
Gidan Hajiya ya fi wuya. Na durƙusa na gaya mata duka. Ta ce, "Ai na sani tun ranar. Alhaji ba ya jan numfashi a tsakiyar baiti, ko lokacin da yake ciwon ajali." Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce ta ga yadda fuskata ta yi haske, kamar ya dawo mini, sai ta kasa.

Ta miƙo mini kukumar. Ba ta sake tambayar wa na zaɓa ba.

Lahadi, 21 ga Yuli
Na sa an canza tsirkiyar kukumar, tsohuwar ta zube. Na hau mota zuwa Mashi. Na gaya wa Sada aro ne, kuma in na sake jin ya ja numfashi a tsakiyar baiti zan zo in karɓe. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya kasa ɗagowa.

Da suka gwada, Musaddiq yana saurin sauke ƙarshen. Na nuna masa sau ɗaya, sai ya zama sau huɗu. Asabar suna da biki a Mai'adua. Ban ce zan je ba. Na dai ba da farar rigata a wanke.