Bangon Baba a Tsohuwar Masaƙa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Umma na gaishe ka, ta ce wai ka manta hanyar gida ne?

Yaya, an sayar da tsohuwar masaƙa, ranar Litinin ta sama katafila za ta shiga. Ka san abin da ke ciki: bangon ɗakin cin abinci, inda Baba ya zana ma'aikata tun kafin a haife ni, kowa da fuskarsa, daga masu rini har mai shara. Na je wajen sabon manaja ya ce in dawo, na dawo ya ce in dawo. Sai na ɗauko ɗinkina na tare a bencin ƙofar ofishinsa, har ya gaji da ganina. Ya ba ni safiyar Asabar.

Baba ya ce babu ruwansa, wai fenti ne kawai, kuma mai fentin ma ya kusa rushewa. Tun da hannunsa ya shanye ba ya son a ambaci buroshi. Amma ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Wayata ka san ta, ko ni ta ɗauka sai ka rantse cikin hayaƙi nake. Ka aiko mini da ƙaramar kamararka. Bangon nan ba zai faɗi ba sai na ɗauke shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta same ni a shagona na hoto, kuma na yaba. Ga kamara nan na ba direban motar haya ya kawo miki. Ki karanta wannan a natse, ba irin karatunki na tsallake layi ba.

Cikin saitinta za ki ga kalmomi biyu, RAW da JPEG. Na farko ɗanye ne, na biyu dafaffe. Dafaffe, kamara ce ke yanke wa kanta shawara, ta zubar da abin da take ganin ido ba zai lura ba. Ba ya cin wuri, amma in an faɗaɗa shi sai ya farfashe, kuma abin da ya faɗa duhu ya tafi ke nan. Ɗanye kuwa yana riƙe duk hasken da ya shiga. Ɗakin nan na tuna shi, taga ɗaya ce, rabin bangon cikin inuwa yake. In kin kawo mini ɗanye, zan zaƙulo fuskokin daga inuwar, in gyara launi, in wanke shi da girman bangon ɗakin Baba.

Sai dai ɗanye yana da ci. Katin ajiyar hotunan tsohon yayi ne, ba a samun babbansa a kasuwa, bai wuce hoto talatin da wani abu zai ɗauka ba. Kuma bayan kowane ɗauka sai kin jira ta gama haɗiyewa. Ki raba bangon gida-gida, daga hagu zuwa dama. Ki ɗora kamarar kan tebur, kada ki kunna filas, wato fitilar kamarar, fentin mai ƙyalli ne.

Kada ki taɓa saitin nan, Auta. Na san halinki.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Na taɓa saitin.

Na fara yadda ka ce. Mai gadi ya buɗe mini, muka ja tebur, na tokare kamara da bulo biyu. Na gama hagu, na shiga tsakiya, sai na ji hayaniya a tsakar masaƙa. Ashe Umma ta faɗa wa matar Dogo mai rini, ita kuma ka san bakinta ya fi rediyo nisan zango. Tsofaffin ma'aikata ne, Yaya, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su. Kowa ya nufi fuskarsa kai tsaye kamar an kira sunansa.

Dogo ya tsaya gaban hotonsa ya ce, "Kai, ashe na taɓa yin haƙora!" Aka fashe da dariya. Na danna, kamararka ta hau tauna. Kafin ta haɗiye, wata tsohuwa ta ɗora goshinta a kan hoton mijinta da ya rasu, ta ɗago, ta gyara mayafi. Ina tsaye da kamara a hannu kamar gunki. Wannan ya wuce ni har abada.

Nan na duba, sauran wurin hoto shida. Ga mutane cike da ɗaki, kowa na cewa, "'Yar mai fenti, ɗauke ni da nawa." Na mai da ita dafaffe, mafi ƙanƙanta. Da katin ya cika, sai na koma cikin ɗanyun na goge hoton sararin saman da Baba ya zana, na goge bututun hayaƙi da injinan saƙa. Duk inda fuska take na bar maka ita. Gefen dama kuwa a dafaffe na gama shi.

Can na ga mutane suna darewa. Na waiga, sai ga Baba a bakin ƙofa, Umma na tallafe da shi. Bai kula kowa ba. Ya ja ƙafa har ƙarshen bangon, wajen inuwar, ya kama shanyayyen hannunsa da mai lafiyar, ya ɗora shi a kan fentin. Ya ce, "Nan shuɗi ya ƙare mini, na haɗa da na ƙofa, babu wanda ya gane." Dogo ya ce, "Mun gane, kunyarka muka ji." Yaya, Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwon.

Na ɗauka a hannu, ban tsaya neman tebur ba. Ga kati nan da kamara.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na buɗe katin. Bango mai giɓi kika aiko mini, babu sama, babu injuna, gefen dama kuma in na faɗaɗa shi fuskoki su zama kamar an jera tsakuwa. Mutanen nan suna raye, ana iya ɗaukarsu gobe ko jibi. Bangon ne ba shi da jibi. Abu ɗaya na roƙe ki. Me zan kai wa Baba yanzu?

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, faɗan ma na karɓa. Amma jibin da kake magana, a gaban wane bango za su tsaya? Jiya na bi ta wajen, fili ne fetal, har an fara auna shi da igiya. Kuma mai shara da ka gani a kujera cikin hotunan, yana asibiti tun Lahadi, 'yarsa ta zo har gida tana tambayar hotonsa.

Fuskokin da na ɗauka ɗanye, ka yi aikinka a kansu, ka fi kowa iyawa. Na mutanen kuwa, wa ya ce ka faɗaɗa? Ka wanke su daidai tafin hannu. Cikin aljihu za su zauna da ƙarƙashin filo. Zan bi gida-gida in raba da kaina, na riga na rubuta sunayen unguwanninsu. In ba za ka yi ba, ka maido mini da katin, akwai mai wankin hoto a bakin tasha.

Ƙanwarka dai, ko kana fushi,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Mai wankin bakin tasha ba zai taɓa aikin Baba ba ina raye.

Ƙananan suna cikin ambulan, ki fara kai na asibiti. Fuskokin hagu sun fito tas, har zanen gashin buroshi ana gani.

Na Baba da hannunsa a bango, ya girgiza, ya yi duhu, duk wata doka da na sani ya karya ta. Na faɗaɗa shi duk da haka. In an matso kusa tsakuwa ce, in an ja baya taku uku Baba ne yana dariya. Ki ce wa Umma a matsar da kabad daga bangon da ke fuskantar gadonsa. Ba zan ba direba wannan ba, ni zan kawo shi ranar Asabar.

Yayanki