Bakina da Jarrabawar Badi'a

Litinin, 6 ga Oktoba
Yau a kamfani na gaya wa abokin aikina Ɗayyabu matata Badi'a za ta rubuta jarrabawar masu tsara AI. Wato ita ke zana yadda za a haɗa abin, ta ina bayanai za su shiga, ta ina za su fito. Yace, "Matarka? Kai da rubuta sunanka sai ka yi gumi?" Nace ai zama da ni ne ya buɗe mata kai. Duk kamfanonin Sharada direban fokilif, motar ɗaga kaya, ɗaya ne, ni Sagir. Sauran 'yan rakiya.

Laraba, 8 ga Oktoba
Ta cika bangon ɗaki da zane, akwati-akwati da kibiyoyi. Ta goya 'yarmu Ummi, tana tuƙa tuwo tana yi wa tukunya bayani da Turanci. Na tsaya kallo har na manta abin da na shigo ɗauka. Kai, yarinyar nan!

Asabar, 11 ga Oktoba
Tana gwaji na leƙa nace, "Furofesa, a kawo shayi?" Sai ta rufe laftof. Ashe a ɗakin nan za ta rubuta ta gasken, wani yana kallonta ta kyamara. Da zarar ya ji muryar wani, zai soke. Kuma aikin da aka yi mata alkawari a Bompai, sai ta kai satifiket kafin ƙarshen wata.
Tace, "Baban Ummi, ba ɗauke wuta nake tsoro ba. Bakinka."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na lallaɓa Indo maƙwabciya za ta kashe injin markaɗe ranar Asabar, ta riƙe Ummi. Wa zai iya in ba ni ba?

Asabar, 18 ga Oktoba
Badi'a ta shiga ɗaki, na ja benci na zauna a soro kamar soja. Shiru har ina jin cikina.
Can sai ga Baffa, ƙanin babana, daga Ringim, ba sanarwa. Mutumin da in ya yi sallama a Zawaciki sai an amsa a Challawa. Na hango ya ja numfashi. Na kwasa a guje ba takalmi, na zube gabansa, na amsa sallamar tun bai yi ba, da raɗa. Na ja hannunsa zuwa wajen mai shayi.
"Sagiru, rasuwa aka yi?"
"A'a Baffa, jarrabawa."
"Ni za ka tare a titi? Ko ruwan gidanka ban isa in sha ba?"
Ya yi ta faɗa gaban mutane. Barkwanci uku suka zo min baki, masu kyau kuwa. Na haɗiye. In na sa shi dariya har ɗakin za a ji.
Bayan azahar muka koma gida, Badi'a ta fito da mayafi, ta durƙusa ta gaida Baffa tsaf, har ta tambayi gona. Sannan ta kalle ni. "Na ci."
Baffa ya huce da ya ga tuwo. Ni kuwa wani abu ya faɗa min ido.

Litinin, 20 ga Oktoba
Ɗayyabu ya tara mutane. "Ga malamin Furofesa! Gaya mana yadda ka koyar da ita."
Na buɗe baki. Nace, "Ita ta yi abinta. Ni gadin ƙofa na yi."
Suka tsaya jiran ragowar. Babu.
Ƙila mura ce ke son kama ni.